Ranar da Firmin Ya Wanke Gilasan Dokta

Shekara arba'in da biyar Firmin Vercruysse ya yi yana gaba da rana. Ba zafinta ne ya dame shi ba, don a garinsu Ronse ranar ma sai ta ga dama take leƙowa. Laifinta ɗaya ne, tana cin launi. Shi kuwa marini ne ɗan marini, duk yadin da ya fito daga hannunsa abin da yake fara tunani shi ne shekara nawa zai yi kafin ta koɗar da shi. Ko a gida, matarsa Lutgart ba ta isa ta shanya baƙin wando ba tare da ta juya cikinsa waje ba. In ta manta, ranar nan da wa'azi za ta ci abinci.

Yana ɗan shekara goma sha shida ubansa ya kai shi marinar da ke bakin rafi, ya miƙa masa buroshi da bokitin soda. Shekara biyu cur bai taɓa rini ba, wanki kawai. Dokar gidan ke nan tun kafin a haife shi: kowace Juma'a bayan abincin rana a kashe injina, a wanke tukwane da bututu da famfo har sai mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙarfe. Ba tsafta ce ta banza ba. Ɗigon ja guda da ya maƙale a lungun tukunya ya isa ya ɓata yadi mita dubu. Wannan doka ta shiga jinin Firmin har ta wuce misali. Mutum ne da in ya zo gidanka shan kofi, kana juya baya za ka tarar yana kankare gindin butarka da farce.

Abin da aka san shi da shi baƙi ne. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai baƙi baƙi ne, to ya je ya tsaya kusa da Firmin ya faɗa. Akwai baƙin da in fitila ta haska shi sai ya karkata zuwa ja, akwai mai komawa ruwan ƙasa bayan wanki uku. Nasa kuwa zurfi gare shi, ido ya shiga ya rasa inda zai tsaya. Sirrin ɗan shuɗi ne mai ratsin kore da yake ƙarawa a kwaɓin, abin da ubansa ya koya masa, yana rubuce a wani tsohon kati da ba ya barin aljihun ƙirjinsa. Telolin Brussels masu ɗinka rigunan lauyoyi ba sa kiran lambar rini in sun bugo waya. Cewa suke a aiko masu da baƙin Firmin.

Ana nan, a watan Maris na shekarar da ya cika sittin da ɗaya, sai ga takarda daga hukumar muhalli. Madam Yvonne, mai marinar, ta karanta masu ita a tsaye a ɗakin cin abinci. Ruwan da suke saki cikin rafi, duk da yana bi ta tankunan tacewa, da launinsa yake fita. An ba su zuwa Alhamis ta ƙarshen Yuni. Ranar mai dubawa zai zo ya auna, in launin ya wuce ƙa'ida a rufe layin launuka masu duhu. Layin nan kuwa shi ne Firmin da baƙinsa, da mutum goma sha ɗaya da ke ci a ƙarƙashinsa.

"Zamanin ubana rafin nan ja yake ranar Litinin, ranar Laraba kore," in ji Firmin. "Wa ya mutu?"

"Kifi," in ji Driss, yana ɓare ƙwai.

Driss Belkadi shi ke kula da injin busar da yadi. Yana yaro iyayensa suka zo da shi daga Maroko, kuma shekara talatin ke nan shi da Firmin suna tsokanar juna ba su gaji ba. Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya tashi a bakin rafin nan bai taɓa ganin ko kwaɗo a ciki ba. Firmin ma ya sani, baƙin ciki ne kawai ya sa shi magana.

Bayan sati uku Madam ta kawo wata mata daga cibiyar bincike a garin Gent, Dokta Griet Mestdagh. Gajeriya ce, ta haura arba'in, tana magana kamar ana kora ta. Firmin ya zaci za ta zo da na'urori, sai ya ga ta ciro kwalabe biyu na jam daga jaka. Ta cika su da ruwan kwatarsu mai shuɗi-shuɗi, ta zuba wa kowace rabin cokali na wata hoda ruwan ƙwai-ƙwai, ta girgiza. Ɗaya ta naɗe ta ruf da takardar azurfa, ɗaya ta bar ta tsirara. Ta jera su a bakin tagar da rana ke bugu.

"Nan ba a ajiye launi, Dokta," Firmin ya ce. "Rana za ta taɓa shi."

"Abin da nake roƙonta ke nan, Malam Firmin."

"Rana kaɗai sai ta shekara ba ta gama da wannan ba. Ni na haɗa shi."

"Ita kaɗai, e. Yau ta samu 'yar aiki. Ci burodinka."

Ya ci burodinsa da cuku, yana harar tagar. Kafin ya kai rabi ya ga kamar shuɗin ya yi sanyi. Ya ce idonsa ne. Ya sha kofi, ya duba, ya ajiye kofin, ya tashi ya je ya tsuguna gaban kwalbar har hancinsa na taɓa ta. Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci hodar ta kwanta a ƙasa, abin da ke samanta kuwa ruwa ne garau kamar na famfo.

"Shanye shi ta yi," ya ce. "Kamar gawayi. Launin yana cikin hodar."

"Buɗe ɗayar."

Ya yage takardar azurfa. Shuɗi na nan daram, ko gezau bai yi ba.

Dokta ta yi masa bayani a gurguje. Asalin hodar ita ce farar da ake sa wa fenti, amma an niƙa ta har ƙwayarta ta fi ƙarfin ido, sannan aka aura mata ɗan gawayi da ɗan ƙarfe don ta iya aiki ko da hasken garinmu mai rowa. In haske ya sauka a kanta sai ta farka, ta kama rinin da ke kusa ta yi ta kakkarya shi har ya zama ruwa da iska da ɗan gishiri. Ita kuma ba ta ƙarewa, gobe ma za ta sake.

Firmin bai ji rabin bayanin ba. Ya riga ya fita da gudu, mutumin da gwiwa ke damunsa, ya dawo da bokiti uku: jan da yake taƙama da shi, ruwan goro, da baƙinsa. Har ƙarfe huɗu yana tsaye a taga yana cika kwalabe, yana kiran duk wanda ya gifta.

"Driss, zo ka ga ikon Allah. Dubi jan nan. Shekara goma na yi ina neman wanda rana ba za ta ci ba, dubi yadda take lashe shi."

"To murnar me kake, tsoho? Aikinka ake ci."

"Kai ba ka da ido. Je ka busar da tsummanka."

Daga ranar Firmin ya zama abin tsoro a gari. A shagon da masu tseren tattabaru ke taruwa ranar Lahadi, da an hango shi da kwalba a aljihu sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ya gwada hodar a kan ruwan jan kabeji, ya gwada a kan kofi, ya gwada a kan jan giyar surukinsa ba da izini ba. Lutgart ta rasa kwalaben jam ɗinta kaf. Ta ce shekara talatin da takwas tana aure da mutumin da ke rufe labule, yanzu an musanya mata shi da mai tsayawa a ƙofa yana yi wa gajimare tsawa.

A watan Mayu aka kafa abin na gaske a filin da ke kudu da ɗakin tukunyar tururi. Gilasai ne ashirin da huɗu, kowane faɗin tebur, an jingina su a karkace suna kallon sama. Famfo yana ɗaga ruwan kwata zuwa bakinsu na sama, ruwan ya gangaro siriri a kan fuskarsu, ya taru a magudana ya faɗa rami, a sake ɗaga shi. An rataya fitilu don ranakun hadari. Dokta ta ce a tandar wata masana'antar tayil ta gasa gilasan, sai da ta yi wata biyu tana jiran a ba ta wuri.

"Ka kula mini da su, Firmin. Kada ganye ya toshe magudanar."

"Kamar 'ya'yana," ya ce, hannu a ƙirji.

Ya kuwa kula. Shi ne na farko da safe, yana tsince ganye, yana korar tattabarun da a da yake yi wa fito. Ruwa na shiga da duhu yana fita fes, awon Dokta na sauka kullum. Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Tun ranar da aka kawo gilasan ya ga fuskarsu dusu-dusu, da wani kaushi in ka shafa, ya ce a ransa mutanen tayil ba su san wanki ba. Da aka yi sati huɗu ruwan rini na bi ta kai, sai ga zane-zanen ruwan ƙasa sun fito, abin ya koma kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi a saninsa hodar tana can cikin gilashin, an gasa ta a ciki, yadda kore ke cikin kwalbar giya. Bai tambaya ba, don bai ga abin tambaya ba.

Juma'ar da ta rage kwana shida mai dubawa ya zo, aka kashe injina bayan abincin rana kamar kullum. Firmin ya gama da tukwanensa da wuri, ya fito fili ya tsaya yana kallon gilasan. Baƙo na tafe, baƙon da ke riƙe da wuyansu, a nuna masa wannan ƙazanta? Kuma ko yaro ya san haske ya fi ratsa gilashi mai tsafta. Dokta ta wahala, bari ya yi mata abin arziki ta zo ta tarar. Ya kashe famfo, ya rufe bakin ramin don kada ruwan soda ya tsere rafi, ya ɗauko buroshin ƙarfe da ruwan zafi.

Abin ya yi taurin kai, shi ma ya yi. Yana gurza yana waƙa, gumi na zuba, wani ruwa mai kauri kamar koko na gangarawa magudana. Duk wanda ya gama sai ya ja baya ya kalle shi yana ƙyalli, ya ji daɗi har cikin ransa. Yana kan na ashirin Dokta ta shigo da kekenta ɗaukar samfuri.

"Tsaya nan, kada ki matso tukuna," ya ce, bakinsa har kunne. "Saura biyar. So nake ki gan su gaba ɗaya."

Ba ta tsaya ba. Ta saki keken ya faɗi, ta zo ta shafa gilashin farko da tafin hannu, santsi sumul. Ta shafa na biyu. Sannan ta kife bokiti ta zauna a kai.

"Firmin, ina hodata?"

"Tana ciki mana. Ni bayan kawai na wanke."

"Babu komai a ciki. Gilashin taga ne, irin na gidanka. Dauɗar da ka kankare, ita ce hodar."

Buroshin ya suɓuce daga hannunsa. Tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, har kunnuwansa suka yi zafi. Ita kuwa ta fashe. Ta ce hunturu guda ta kashe a kan gilasan nan, ta ce tandar ba za ta sake samuwa ba sai Agusta, ta ce wane irin mutum ne zai ga kayan bincike ya kai masu buroshin ƙarfe. Da ta gaji sai ta dafe kai ta ce, a hankali, laifinta ne, ko sau ɗaya ba ta ce kada a wanke ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mai yi ba.

Hayaniyar ta fito da Driss. Ya dubi gilasai goma sha tara na walƙiya, ya dubi Firmin, ya gane. Karo na farko cikin shekara talatin ya samu abin tsokana mafi girma a rayuwarsa, ya haɗiye shi. Sai ya leƙa ramin.

"Wannan kunun fa? Na zubarwa ne?"

Dokta ta miƙe ta leƙa. "Ba ka saki ruwan ba?"

"Ruwan soda? A rafi?" in ji Firmin. Duk da halin da yake ciki sai da tambayar ta ɓata masa rai.

"To tana nan. Akwai ƙarfe a jikinta, maganaɗisu zai tattaro ta." Sai kafaɗunta suka sake faɗuwa. "Amma in kai ta ina? In na zuba ta haka cikin ruwa, rabi zai bi rafi. Sai an manna ta a jikin wani abu, ni kuma ba ni da tanda."

Firmin ya daɗe yana kallon kunun. "Dole sai gilashi?"

"Dole sai abin da zai riƙe ta, haske ya same ta, ita kuma ba za ta cinye shi ba."

"Yadi fa?"

"Za ta ci auduga."

"Ban ce auduga ba. Driss, bandir ɗin nan na zaren gilashi, ragowar labulen gidan wasa, yana sito?"

"Yana nan, ɓeraye ma sun ƙi shi."

Firmin ya matso, idonsa ya dawo da haske. "Dokta, ke kin san hoda, ban ja da ke ba. Amma manna hoda a jikin yadi yadda ko an wanke sau ɗari ba za ta fita ba, wannan abincina ne tun ba a haife ki ba. A jiƙa, a matse tsakanin rodi biyu, a bi da shi ta injin Driss. Zafi nawa kike so?"

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce gam ɗinsu na rini ba zai yi ba, zai rufe hodar ya makantar da ita, amma tana da wani gam da ake yi da narkakken yashi a ɗakin bincike, da ragowar hoda kusan kilo guda. In injin zai kai ɗari biyu, wataƙila.

"Ɗari biyu da goma in na lallashe shi," in ji Driss.

Asabar da sassafe su huɗu ne a marinar, har da Madam Yvonne da takalmin roba, ta zo da burodi da naman gwangwani da butar kofi. Sun kwashe kunun da bokitai, Dokta na jan hodar gefe da maganaɗisu tana ɗauraye sodar. Gwajin farko ya fito da dabbare-dabbare. Firmin ya ɗaga shi a haske ya yi tsaki, ya ƙara matse rodin, ya sa Driss ya rage gudu. Na biyu ya yi kauri har yana farfashewa. Na uku ya fito bai ɗaya daga baki zuwa baki, ruwan ƙwai mai dusu-dusu, mummuna na ƙarshe. Dokta ta murza shi cikin ruwa, ta murza, ruwan bai gurɓace ba. Sai ta daka tsalle ta rungume Driss, don shi ne kusa.

"A hankali, Dokta, ina da iyali," ya ce. "Ga mai laifin can, shi za ki shaƙe."

Firmin na can yana shafa yadin yana dariya shi kaɗai. Ya rina alharini, ya rina ulu na manyan mutane, amma bai taɓa alfahari da yadi kamar wannan abin ƙyama ba.

Suka yanka shi, suka shimfiɗa a kan gilasan da aka kankare, suka ɗaure da maƙalai. Lahadi rana ta yi masu kara ta fito tun safe. Aka kunna famfo, ruwa ya jiƙa yadin ya gangaro, su kuma suka jera kujeru a fili kamar masu kallon tseren keke. Duk rabin awa Firmin ya ɗebo kwalba ya ɗaga sama. Duhun na raguwa, yana raguwa, shi kuma yana zagaya filin ya kasa zama.

Litinin da safe Dokta ta saka samfurin a 'yar na'urarta. Lambar ta sauka ƙwarai, amma ta tsaya kaɗan a saman ƙa'ida. Ta sake awo, haka. Ta ce wani abu guda ne ya ƙi karyewa, sai ta kai Gent ta bincika, kwana biyu ko uku.

"Ba ni kwalbar," in ji Firmin.

Ya kai ta tagar arewa inda suke duba launi, ya ɗora a kan farin tayil. Ga kowa ruwa ne fari. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi masa, ya ga wani ɗan kore-kore can ƙasa, kamar inuwa. Ya san shi kamar yadda ya san muryar Lutgart.

"Ba sai kin je Gent ba. Wannan nawa ne."

Ya ciro katin daga aljihu, abin da bai taɓa nuna wa ko Madam ba, ya ɗora yatsa a layi na huɗu. Dokta ta karanta sunan rinin ta ja numfashi. Ta ce wannan shuɗin da jan ƙarfe a tsakiyarsa, a ɗaure yake tamau, kuma kusan rabinsa ba ya kama yadi, kwata yake bi. Da gilasan suna nan da sun tsallake Alhamis da ƙyar, saboda ƙarfin hasken rana a watan Yuni. Amma da hunturu ya shigo zai tona su, da gilashi ko babu.

Madam Yvonne ta yi gyaran murya. "To a dakata da sa shi zuwa Alhamis kawai mana, Firmin. Kwana uku ne. In mutumin ya tafi sai mu ga abin da hali ya yi."

"Juma'a kuma rafin ya sha, Madam?"

"Ban ce haka ba."

"Haka kika ce, da ladabi."

Ransa ya ɓaci, kuma ba da ita yake ba. Ya tsaya da katin a hannu, rubutun ubansa ne, tawadar har ta koma ruwan ƙasa. Ya ji zafin abin sosai, bai kuma ɓoye ba, sai da ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya zaro fensirin da ke kunnensa ya ja layi a kan na huɗu, ya koma ya sake ja. Ya wuce ɗakin awo ya ƙara ɗan wannan ya rage ɗan wancan, ya ɗora tukunyar farko ba tare da shuɗin ba.

Alhamis ta zo da hadari, ba wanda ya yi mamaki. Aka kunna fitilu. Mai dubawa dogo ne marar fara'a, da akwatin sanyi da dogon ludayi. Ya dubi tsummokaran da aka ɗaure a kan gilasai, ya dubi Dokta. Ma'aikatan layin duka goma sha ɗaya sun fito sun yi cirko-cirko a bakin magudana. Ya ɗebo, ya cika kwalabe uku, ya rufe biyu da hatimi, ya zuba ta ukun a na'urarsa. Firmin ya kama hannun Driss ya matse har sai da ya yi ƙara.

Mutumin ya rubuta lamba, ya sake awo, ya sake rubutawa.

"Yana ƙasa," ya ce. "Da tazara ma. Takarda za ta biyo baya in ɗakin bincike ya tabbatar, amma ban ga abin da zai canza ba." Ya rufe akwati, ya nuna yadin da haɓa. "Wa ya yi wannan?"

"Wani mai wanki ne," in ji Driss.

Filin ya kaure da sowa. Madam ta aika a kawo kek da giya, da lemo saboda Driss. Firmin ya kama Dokta ya yi ta juyi da ita tsakanin bokitai, gwiwar da ke ciwo ta manta da kanta. Ita kuma tana ihu a kunnensa cewa za ta rubuta wannan hanya ta yadi, da sunansa a kai, in ya yi alkawarin ba zai sake taɓa buroshi a filin nan ba. Ya ce Juma'a dai sai an ɗauraye da ruwa. Ta ce ruwa zalla, kuma tana tsaye.

Ana tsakiyar shagali ya zame ya koma ciki. Bandir ɗin farko na sabon baƙin yana kan amalanke tun jiya, yana jiran sa hannunsa kafin a aika Brussels, shi kuma ya yi ta kewaye shi. Ya ja shi zuwa tagar arewa, ya warware mita biyu, ya ɗora guntun tsohon a kai.

Driss ya biyo shi da kek a hannu. Ya sunkuya ya duba, ya karkata kai ya sake dubawa.

"Wallahi ɗaya suke, tsoho. Ko telan ba zai gane ba."

"Ba zai gane ba," in ji Firmin.

"To shi ke nan."

"Ba ɗaya ba ne."

Ya daɗe yana kallon yadin biyu. A waje ana kiran sunansa, ana buga bokiti kamar ganga. Ya ɗauki takardar da ke maƙale a bandir ɗin, inda yaron ofis ya saba rubuta baƙin Firmin, ya soke, ya rubuta lambar rinin kawai. Ya sa hannu a ƙasa, ya karɓi kek ɗin daga hannun Driss, suka fita tare.